Jinyar Ɗan-Duwan, Zomon Inna

Duk wanda na gaya wa cewa na yi fiye da wata guda ina jinyar zomo, dariya yake fara yi. To, ku yi abarku, ni ma na yi tawa daga baya. Amma in kuna da zomo a gida, ko kuna da tsohuwa a gida, balle a ce Allah ya haɗa muku su biyun kamar yadda ya haɗa mini, ku gyara zama ku ji, don kada ku faɗa inda munka faɗa.

Sunana Ramatu, amma a gida Auta ake ce mini, ko da yake ni ma na aurar da ɗiya. Ina da rumfar kayan miya a babbar kasuwar Malanbil. Tun rasuwar maigidana na komo gidanmu ina zaune da Inna, mahaifiyarmu. Mu uku ne a sashenmu: ni, da Inna, da Ɗan-Duwan.

Ɗan-Duwan zomo ne, fari, kunnensa ɗaya baƙi. Wani manomi na ƙauyen Garu ya ba Babanmu shi gyara a kan buhunan albasa, shekara takwas ko tara da sunka wuce, kuma don tukunya anka kawo shi. Sai dai tun yana ƙarami, ba buhu ba kwando da zai shigo gidan nan bai tare shi a bakin ƙofa ba. Ya shinshina, ya leƙa, ya cusa kai ciki, kuma ba ya matsawa sai an ba shi wani abu. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan ai ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, irin na bakin gadar kan iyaka. Sunan ya bi shi, maganar tukunya ta mutu. Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, Ɗan-Duwan ya tattara ya koma gefen tabarmar Inna, kuma tun daga nan da shi take hira. Mu sai gaisuwa da aike.

Inna ba ta da haƙori ko ɗaya yanzu. Abincinta kunu, da burodi jiƙaƙƙe a shayi, da shinkafar da ta dahu luguf. Wajen bara ta ga Ɗan-Duwan yana ta fama da karan wake a tsakar gida, sai ta kira ni.

"Ke Auta, ba ku da ta ido. Tsoho kamar wanga ku bar shi shina tauna kara kamar jaki? Ai tsarana ne. A gidan ga ba a ba babba abu mai tauri."

Kuma gaskiyarta, haka munka tashi munka gani: babba shi ke da tuwo mai laushi, shi ke da tsokar da ba ƙashi. Daga ranar ta hana a zuba mishi ciyawa. Duk kwanon da anka kawo mata, sai ta zuba mishi rabonsa a murfi su ci tare. Shi kuwa ɗan nema, ga kunu da sukari, ina zai tuna da wata ciyawa? Duk wanda ya gani sai ya ce masha Allah. Ni da hannuna na ɗauke su a waya na tura wa danginmu na Gaya, anka yi ta sa albarka.

Ciwon ya bayyana lokacin kakar albasa, zafi ya fara shigowa. Na komo daga kasuwa da kwandon kabeji na dire a tsakar gida, Ɗan-Duwan bai tashi ba. Ya dube ni, ya dubi kwandon, ya kau da kai. Da na ɗauke shi sai na ji kamar tsumma na ɗauka. Ashe gashi ne ya rufa mishi asiri, ƙashin bayansa kuwa ana bin shi da yatsa kamar tasbaha. Haɓarsa ta jiƙe sharkaf da miyau. In an miƙa mishi burodi da marmari yake zuwa, ya ɗauka, ya jujjuya shi a baki, sai ya saki. Kashinsa da nake sharewa kowace safiya da ƙorafi ya koma 'yan ƙanana kamar gero, su ma ɗai-ɗai.

Ku riƙe wannan da kyau: zomon da ke son abinci amma ya kasa ci, ba ƙoshi ba ne, kuma ba tsufa kaɗai ba ne. Ni lokacin ban sani ba. Na ce tsufa ne, sai haƙuri.

Washegari na kawo wa Inna kunu. Ta zuba mishi a murfi, ya sa baki ya janye. Sai ta ture nata kwanon.

"In bai sha ba, ba ni sha."

"Haba Inna, zomo ne fa."

"Na ce maki akuya ne?"

Na ɗauka rigimar tsufa ce, kafin maraice za ta sauko. Ba ta sauko ba. In na matsa mata ta kurɓi kaɗan don in rabu da ita, ta ce ya tsaya mata a wuya. Ga ta da maganin hawan jini da anka ce kada a sha shi ciki wayam. Nan na gane majinyata biyu gare ni, kuma in ɗayan ya tafi, ɗayar ba za ta daɗe ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sati na biyu likitoci sunka yi mana yawa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga ta ce da yarensu na Dandanci tsutsar ciki ce, a jiƙa ganyen dogonyaro a ba shi. Na jiƙa. Ya shinshina sau ɗaya ya shige ƙarƙashin gado ya wuni yana fushi da ni. Wata ta ce baki ne, tunda na tura hotonsu duniya ta gani, ta bar ni ina ta jin haushin kaina da wayar. Wani Alhaji mutumin Kamba, mai tebur ɗin magani kusa da rumfata, ya rantse mini da kafso ɗin nan ja da rawaya, ya ce har raƙumi ya taɓa tayarwa da shi. Na saya. Na yi, na yi in buɗe bakin Ɗan-Duwan in ɗura mishi, ya ƙi, ƙarshe ya yage mini hannu da ƙafar baya ya tsere. Na zage shi tas, na ce mai baƙin hali, a mutu mana.

Sai ga Yaya Mamman, babban wanmu, dillalin albasa ne. Mutum ne da in ya ɗaga buhu ya san nauyinsa ba sai an ɗora a sikeli ba. Ya ɗaga Ɗan-Duwan da hannu ɗaya, ya girgiza kai, ya jawo ni gefe.

"Auta, wanga ya gama. A yanka shi tun da sauran numfashi, kada shi zama mushe."

"Yaya, wane nama ke jikin wannan?"

"Ba don nama ba. Hakanan aka yi ma kowace bisa in ta kwanta, a sa mata wuƙa da sunan Allah a hutar da ita. Ki bar shi shina wahala, Inna na kallo tana ƙarewa? Gara a yi a gama, ta yi kukanta kwana biyu ta ci abinci."

Ba mugunta ba ce, duk garin nan haka ake yi, kaza ce ko rago. Abin da munka manta shi ne, Inna ba ta jin sallama in an yi daga zaure, amma abin da ba a so ta ji ba ya wuce ta.

"Mamman," ta kira daga ɗaki. "Wuƙa naj ji ka ambata?"

"A'a Inna, hira mukai."

"To in ka taho da ita, ka faro daga kaina. Ni na girme shi."

Yaya ya fita yana gumi. A bakin ƙofa ya ce mini ya ba ni zuwa watsewar kasuwa mai zuwa, in zomon bai ci ba, ba zai yi shawara da kowa ba. Na ce mishi Allah ya kai mu, amma da irin muryar da shi ma ya san ba addu'a ba ce.

A sati na uku Inna ta tashi za ta yi alwala, jiri ya kwashe ta. Allah ya sa ina kusa. Munka kai ta asibiti. Kai, asibiti! Tun hantsi muke kan benci har anka kira azahar. A aika ka wannan taga, a ce ba nan ba, waccan. Ka je waccan, a ce mai wurin ya fita. A rubuta maka magani, ka je farmasi a ce babu, sai a cikin gari. Da ƙyar anka ba ta gado anka sa mata ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciya 'yar kudu, Hausarta tsinta-tsinta, ta taso mini da faɗa gaban mutane, wai don me muke barin tsohuwa da yunwa. Ni? Ni da ke dama kunu ana zubarwa? Raina ya ɓaci, na ce mata ba mu munka hana ta ba, zomonta ne ba ya ci.

Ta tsaya tana kallona. Ta yi dariya har ta riƙe ƙarfen gado. Da ta gama sai ta ce babanta ma ya yi kiwon zomaye a garinsu, in daina wahalar da kaina, in kai shi wurin likitan bisashe, can inda ake yi wa shanu allura. Wallahi tunanin bai taɓa zo mini ba, na ɗauka wurin na masu garke ne. Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙan mahaifanta in sun rigaya. Faɗan da ta yi mini dai har yau ban gama hucewa ba.

Da anka sallami Inna, na sa Ɗan-Duwan a kwalin tumatir, na huda ramuka, na tare zem, wato babur ɗin haya. Mai zem ya ce, "Hajiya, kaza ce?" Na ce majinyaci ne, ka bi a hankali. Ya bi da mu ta kowane rami da ke hanyar. Munka isa anka ce likita ya tafi Gene rigakafin shanu, sai gobe. Na komo ina ta masifa ni kaɗai a bayan babur.

Washegari na samu layi: Fulani da shanunsu, masu raguna, wani da jakinsa mai gyambo, sai ni da kwali a cinya. Wani dattijon Bafillace ya leƙa ta ramin ya ce, "Hajiya, wanga na layya ne?" Anka kwashe da dariya. Na ce, "Baffa, ran da ragonka ya kai shekarunsa, ka zo mu yi magana." Anka sake kwashewa, har ya matsa mini wuri a inuwa.

Likitan mutum ne mai tabarau, ba shi da yawan magana. Bai yi dariya ba, wannan kaɗai ya sa na ji ya kwanta mini. Ya naɗe Ɗan-Duwan a tawul, ya ɗaga leɓensa, ya haska da fitilar waya.

"Madam, zo ki gani."

Innalillahi! Haƙoran gaba sun yi tsawo sun lanƙwashe, na ƙasa sun haye na sama. Na ciki kuwa sun yi tsini sun yayyanka mishi harshe. Duk kwanakin nan da wannan bakin yake ta ƙoƙarin ci, ni kuma ina zaginsa.

"Me kuke ba shi?"

"Kunu. Da burodi a shayi. Wani lokaci fura."

Ya cire tabarau. "Fura."

"Mai nono mai kyau," na ce, don kada ya ɗauka rowa muke mishi.

Ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, dogo ne, kafin in kai ƙofa ya ɓace mini. Abin da ya zauna mini shi ne wannan, kuma don shi na zauna rubutun nan. Ya ce haƙoran zomo ba su daina tsiro har ranar da zai mutu. Ciyawa da kara su ke goge su. In an hana shi tauna, sai su yi ta tsawo har su kulle mishi baki, ya mutu da yunwa abinci na gabansa. Na ciro kafso ɗin Alhaji na nuna mishi. Ya karɓa ya jefa a aljihun tebur, ya ce da zomon ya haɗiye wannan da ban samu abin kawowa ba, don irinsa lalata cikin zomo yake. Ashe ran da ya yage mini hannu ransa yake ceta.

Ya ce sai an yi mishi allurar barci kafin a rage haƙoran, kuma tsoho ne, yana iya ƙin tashi. Na ce a yi. Na fita na tsaya cikin raguna ina salati. Dattijon nan mai tsokana ya ga fuskata, ya daina wasa, ya ce, "Allah shi tashe shi, Hajiya." Anka rage haƙoran, kuma Allah ya tashe shi. Abin da likitan ya karɓa bai kai abin da na zubar a jiƙe-jiƙe da kuɗin zem ba. Ya ba ni maganin zafi na ruwa, ya ce in niƙa ganye da ruwa in riƙa ba shi da sirinji marar allura har bakin ya warke, harawa da ciyawa kuma kada su yanke a gabansa. Kunu, burodi, sukari, ko ɗigo. Ya ce kada in sa rai zai mayar da duk ƙibarsa, kuma da na ga miyau a haɓa in komo da shi. Ya ƙara da cewa ba kowane lokaci tsoho ke tashi daga allurar nan ba, gara a kiyaye.

Da maraice na tare Yaya Mamman a zaure na kwashe duka na gaya mishi. Ya ce, "Ciyawa kawai?" Na ce ciyawa kawai. Da safe sai ga babur ya shigo unguwa, ba a ganin kowa a kai sai harawa da ƙafafu biyu. Ashe Yaya ne, tun asuba ya tafi Garu ya ɗauro damin da zai ciyar da saniya. Bai ƙara ta da maganar wuƙa ba, ni ma ban tuna mishi ba. Abu ɗaya ya roƙe ni.

"Kada ki gaya ma Inna. In taj ji kununta ne yaj ja, wallahi sai mun koma asibiti."

Na yarda. Na ce wa Inna ƙurji ne a baki, an yi magani. Satin nan na huɗu ni da sirinji da tawul muke kokawa da Ɗan-Duwan, rabin ganyen a cikinsa, rabi a zanena. Bakin ya fara warkewa. To, nan wata sabuwa ta ɓullo. Da ya ji sauƙi, bai ko dubi harawar Yaya ba, wurin murfin Inna ya nufa. Ta zuba mishi, ya lashe. Inna ta yi hamdala, ita ma ta kurɓi nata. Kowa a gida ya ce alhamdu lillahi, an warke. Ni da Yaya kaɗai munka san hanyar da ta kai mu can ce munka sake kamawa.

Na ɓoye murfin, ta zuba a faranti. Na ce likita ya ce a ɗan dakata da kunu, ta ce likita bai san shi ba kamar yadda ta san shi. Na rasa yadda zan yi. In na yi shiru, za su ci yau su ci gobe, haƙora su sake tsiro, a sake allurar da ba lalle ya tashi ba, Inna ta bi shi. In na faɗa, na ce wa uwata da hannunta ta kusa kashe abokin zamanta.

Wata safiya na kawo kunu, na zauna a bakin tabarmarta, na riƙe farantin ban ba ta ba.

"Mi ne ne, Auta? Tun shekaranjiya kike zagaye-zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Mi likita yac ce?"

Na faɗa mata. Haƙoran, da harshen, da ciyawar, duka. Ban rage ba, ban ƙara ba, idona a ƙasa.

Inna ta juya ta dubi Ɗan-Duwan.

"Ni ce ke nan."

"Ba ke kaɗai ba, Inna, mu duka munka..."

"Yi mani shiru. Ni na hana."

Ta sa hannu tana shafa bayansa, hawaye na bin kuncinta. "Ni ina girmama ka, ashe da yunwa nika kashe ka." Sai ta ɗauki kwanon kunun ta ajiye can nesa da ita. Na ce shi ke nan, Yaya ya faɗa, na kashe mu duka.

"Miƙo mani harawar nan."

Na jawo dami ɗaya. Ta bi shi da yatsu a hankali, ta zaɓi reshe mai ganye, ta miƙa mishi. Ya kau da kai, yana hangen inda kwanon yake. Ta bi shi da reshen, ya sake juyawa. Sai Inna ta goge ido da gefen mayafi, ta gyara zama, ta taso mishi da irin faɗan da take yi mana muna yara.

"Kai tsoho, ba ka jin kunya? Allah ya bar ma haƙora har sun yi ma yawa, ni ko ɗaya bai bar mani ba, kuma kunun nawa kaka ƙyashi? Karɓi nan, kar in saɓa ma."

Ba ta sauke hannunta ba. Ya shinshina. Ya ja ganye ɗaya da gefen baki kamar wanda ake yi wa dole. Sai ya kama karan. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Tun bara ba a ji wannan ƙara a gidanmu ba. Ya cinye har kusa da yatsunta, ya ɗago kai yana jiran wani. Inna ta fashe da dariya, bakin nan wayam, hawayen ma ba su bushe ba. Ta zaɓi wani reshen ta miƙa mishi, ba ta ko dube ni ba.

"Auta, kunun ga ya huce. Ɗumamo shi, ki ciko kwanon. Tunda an raba ni da abokin ci, ni za ni shanye rabonshi."

Na tashi da gudu har ina tuntuɓe da damin harawa. Na kawo mata da zafinsa. Ta shanye tas, ta sa yatsa ta suɗe kwanon.